BABI NA UKU: JIGON BAMBANCIN MATSAYI A FINAFINAN WASAN GOLF

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin wasan golf, wanda wasu kafafen watsa labarai na Hausa kan kira ƙwallon lambu, tun daga tsiruwarsa a gaɓar tekun Sikotilan har zuwa yaɗuwarsa a Amurka. Wannan babi kuwa zai dubi finafinan da aka gina a kan wasan ne, domin a fito da babban jigon da ya ratsa su. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a galibin waɗannan finafinai ƙwallo da rami 'yan rakiya ne kawai. Ainihin maganar tana kan ƙofar kulob, wato wa aka yarda ya shiga, wa aka tsayar a waje, wa kuma aka bari ya shiga amma da jakar wani a kafaɗarsa. Haka kuma za a nuna cewa finafinan sukan warware wannan jigo ta hanyar ba mutum ɗaya nasara, su bar ƙofar yadda suka same ta.

3.1 Yanayin Wasan da Matsalar Mai Shirya Fim

Kafin a shiga cikin finafinan, ya kamata a fahimci wahalar da wasan kansa yake ba mai shirya fim. Cikakken fili yana da ramuka 18, zagaye ɗaya kuma yakan ci kimanin awa huɗu, mafi yawan lokacin a tafiyar ƙasa da jira yake ƙarewa. Ɗan wasa zai yi ta buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Ba a haɗa jiki, ba mai tare wani, ba mai ƙwace ƙwallon wani, 'yan kallo ma shiru ake so su yi lokacin bugu. Idan aka kwatanta wannan da dambe, inda kyamara take da mutum biyu gaba da gaba kowa yana neman kayar da ɗan'uwansa, za a ga cewa golf bai tanadar wa fim rikici a fili ba. Labari kuwa ba ya tsayuwa sai da rikici. Dole ke nan marubuci ya nemo shi a wani wuri.

Abubuwa biyu ne a cikin wasan suka ba marubuta mafita. Na farko shi ne, ɗan wasa shi ne alƙalin kansa a mafi yawan lokaci, domin idan ya saɓa doka ana sa ran shi da bakinsa zai faɗa a ƙara masa bugun tara. Bobby Jones ya yi haka a gasar US Open ta 1925, lokacin da ƙwallonsa ta ɗan motsa, ya dage sai an rubuta masa tarar, daga baya kuma gasar ta kuɓuce masa a wasan raba gardama. Wannan ya sa wasan ya zama ma'aunin hali. A fim ɗin Goldfinger na 1964, wanda ba fim ɗin golf ba ne, fitowa guda ta wasan ta isa ta nuna wa 'yan kallo ko wane ne mugun, domin an gan shi yana maguɗi da taimakon yaronsa Oddjob, sannan ya shaida wa James Bond cewa kulob ɗin ma nasa ne.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga wannan nazari, shi ne ɗan ɗaukar jaka, wanda 'yan wasa ke kira kadi. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, a al'ada kuma wani ne yake ɗaukar masa su. Wannan mai ɗauka yana da izinin ba da shawara a tsakiyar wasa. Sau da yawa ya fi maigidansa sanin filin, ya san inda ƙasa ta karkata da inda iska take juyawa, amma idan an tashi, maigida ya shige zauren kulob shi kuma ya tsaya a waje. Dangantaka ce irin ta bara da ubangida, kuma a kanta aka ɗora mafi yawan labaran da za a duba.

3.2 Ƙofar Kulob a Finafinan Tarihi

Jigon ya bayyana tun zamanin finafinai marasa magana. A The Idle Class na 1921, Charlie Chaplin ya fito a matsayin mutum biyu masu kama da juna, attajiri mashayi da kuma fakiri wanda ya kutsa filin golf na masu hali, har aka ɗauke shi a matsayin attajirin. Dariyar duka ta taso ne daga ganin talaka a inda ba a sa ran ganinsa.

Finafinan da aka ɗauko daga tarihi sun fi fito da maganar sosai. Tommy's Honour na 2016, wanda Jason Connery ya ba da umarni, ya koma garin St Andrews na ƙarni na 19, inda Tom Morris babba yake kula da fili yana ƙera sanduna, yana kuma rusuna wa manyan kulob. Ɗansa Tom ƙarami ya ci gasar Open a 1868 da 1869 da 1870 da 1872, ya kuma ƙi yarda da tsarin da manya suke caca a kan wasansa su kwashe kuɗi, sannan su miƙa masa abin da suka ga dama. Rikicin fim ɗin na uba da ɗa ne, uba yana ganin kowa ya tsaya matsayinsa, ɗa yana ganin gwaninta ita ma matsayi ce. Tom ƙarami ya rasu ranar Kirsimeti ta 1875 yana da shekara 24, 'yan watanni bayan matarsa ta rasu wurin haihuwa, saboda haka tarihi bai ba fim ɗin damar rufewa da murna ba.

Fim ɗin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne The Greatest Game Ever Played na 2005, wanda Bill Paxton ya ba da umarni, aka kuma ɗauko shi daga littafin Mark Frost. Labarin Francis Ouimet ne, ɗan wani baƙon haure ma'aikaci, wanda gidansu yake tsallaken titi da The Country Club a garin Brookline na jihar Massachusetts. Ya taso yana ɗaukar jaka a wannan kulob. A 1913, yana da shekara 20, ya shiga gasar US Open a filin nan a matsayin ɗan sha'awa, wato wanda ba ya karɓar kuɗin wasa, mai ɗaukar masa jaka kuma wani yaro ne ɗan shekara 10, Eddie Lowery. Bayan ramuka 72 sai ya yi kunnen doki da manyan gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, kowa da bugu 304. Washegari aka yi wasan raba gardama, Ouimet ya ci.

Abin lura a zubi da tsarin wannan fim shi ne, bai mayar da Vardon mugu ba, ko da yake shi ne abokin karawar babban tauraro. Vardon ɗan mai aikin lambu ne daga tsibirin Jersey, ya ci gasar Open har sau shida a rayuwarsa, amma fim ɗin ya nuna shi a matsayin wanda manyan Ingila suke amfani da gwanintarsa suna kuma hana shi zama ɗan kulob. An yi ta maimaita hoton wasu mutane masu dogayen huluna waɗanda suka zo auna filin golf a inda gidansu yake lokacin yana yaro, suna faɗo masa a rai duk sa'ad da zai yi bugu. Da wannan dabara sai Ouimet da Vardon suka zama 'yan gida ɗaya, abokin gabarsu na gaskiya kuma yana zaune a zauren kulob, ba ya ma riƙe da sanda. A nan fim ɗin ya yi rawar gani, domin ya fahimci cewa a farkon ƙarni na 20 kalmar ɗan sana'a a golf ba yabo ba ce. Ma'anarta ma'aikaci, wanda ake biya, wanda ba ya shiga ta ƙofar gaba. An san cewa a gasar Open ta 1920 a garin Deal, da aka hana ƙwararru shiga zauren kulob, Walter Hagen motar haya ya ajiye a bakin ƙofa ya mayar da ita ɗakin sauya kaya.

Sai dai fim ɗin ya taɓa tarihi a wurare biyu da suka shafi wannan nazari. Ya nuna kamar sai a rami na ƙarshe aka raba gardama da tazarar bugu ɗaya, alhali a gaskiya Ouimet ya buga 72, Vardon 77, Ray 78. Wannan gyara ne na neman ɗaga hankalin 'yan kallo, ana iya yi masa uzuri. Wanda ya fi nauyi shi ne inda aka tsayar da labarin. An rufe da Ouimet a kafaɗun jama'a, mahaifinsa da ya daɗe yana adawa da wasan ya sauko, kamar ƙofa ta buɗe ke nan har abada. A 1916 kuwa hukumar golf ta Amurka ta cire wa Ouimet matsayinsa na ɗan sha'awa saboda ya buɗe kantin sayar da kayan wasanni, wato saboda yana neman abinci da sunan da ya yi. Daga baya aka mayar masa da matsayin, har a 1951 ya zama mutum na farko da ba ɗan Birtaniya ba da aka naɗa kyaftin na kulob ɗin Royal and Ancient na St Andrews. Hukuncin 1916 ya fi nasarar 1913 bayyana yadda tsarin yake aiki, amma ba shi da gurbi a labarin da aka shirya don ya ƙare da tafi.

3.3 Barkwanci a Matsayin Makami

Finafinan golf da suka fi karɓuwa wurin jama'a na barkwanci ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin wurin da aka cika shiru da ƙa'ida da tufafin ƙawa shi ya fi sauƙin yi wa ba'a. Caddyshack na 1980, wanda Harold Ramis ya ba da umarni, ya samo tushe daga rayuwar Brian Doyle-Murray, ɗaya daga cikin marubutansa, wanda ya yi aikin ɗaukar jaka a wani kulob kusa da Chicago yana yaro. A kulob ɗin Bushwood na cikin fim ɗin an jera matakan al'umma ɗaya bayan ɗaya. Akwai Alƙali Smails, mai tsohon arziki da girman kai. Akwai Al Czervik, sabon attajiri mai surutu wanda ya yi kuɗi a harkar gine-gine, ba ya kuma jin kunyar kowa. Akwai Danny Noonan, ɗan ɗaukar jaka daga gidan talakawa mai yawan 'ya'ya, wanda yake lallaɓa alƙalin don ya sami tallafin karatu. A can ƙasa kuma akwai Carl, mai kula da ciyawa, wanda yake yaƙi da wata dabba mai tonon ƙasa mai kama da gafiya.

Idan aka duba da kyau za a ga cewa ba Danny ne ya karya Smails ba. Kuɗin Czervik ne suka ba shi damar tsayawa a wasan caca na ƙarshe, ƙwallonsa ma a bakin rami ta tsaya, sai da nakiyoyin da Carl ya binne don dabbar nan suka tashi, ƙasa ta girgiza, sannan ta faɗa. Ke nan talaka ya yi nasara ne da taimakon wani mai kuɗin da kuma sa'a. Fim ɗin ya farfasa filin kulob, amma bai ce komai ba game da wanda zai mallake shi gobe.

Happy Gilmore na 1996 ya bi wannan sawu. Adam Sandler ya fito a matsayin saurayi mai zafin rai wanda ya kasa samun gurbi a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, ya shiga golf don ya tara dala 270,000 ya fanshi gidan kakarsa da hukumar haraji ta riƙe. Shugabannin gasa sun so korarsa saboda ashar da faɗa, abin da ya hana su shi ne 'yan kallon da yake jawowa a talabijin. A nan ma kuɗi ne suka buɗe ƙofa. Karɓuwar fim ɗin ta kai har aka yi masa kashi na biyu a 2025.

Finafinai biyu sun kauce wa wannan tsari na rufewa da nasara, kuma a ganin wannan nazari sun fi sauran gaskiya. A Tin Cup na 1996, wanda Ron Shelton ya ba da umarni, Roy McAvoy mai koyar da bugu ne a wani ƙaramin gari na yammacin Teksas, ya kai rami na ƙarshe na US Open yana dab da cin gasa. Maimakon ya bi a hankali ya ajiye ƙwallo a gaban tafki, sai ya dage sai ya tsallake shi da bugu ɗaya. Ya yi ta zuba ƙwallaye a ruwa har ya rage masa guda ɗaya, ita ce ta faɗa rami, ya tashi da bugu 12, gasa ta tafi. The Phantom of the Open na 2021 kuwa labarin gaske ne na Maurice Flitcroft, mai tuƙa injin ɗaga kaya a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Barrow-in-Furness a Ingila. A 1976, yana da shekara 46 kuma bai taɓa buga cikakken zagaye ba, ya rubuta kansa a matsayin ƙwararre ya shiga wasan share fage na gasar Open, ya buga 121. Hukuma ta haramta masa gasar, shi kuma ya yi ta komowa da sunayen bogi da ɓad da kama. Sunan gasar yana nufin a buɗe take ga kowa, Flitcroft kuma bai yi komai ba illa ya ɗauki sunan da gaske.

3.4 Launin Fata da Matsayin Mataimaki

Bambancin matsayi a golf ɗin Amurka bai tsaya ga dukiya ba. Daga 1934 zuwa 1961 tsarin mulkin ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka yana ɗauke da sharaɗin cewa farar fata kaɗai ke zama mamba. Charlie Sifford ne baƙar fata na farko da ya sami cikakken gurbi a gasannin ƙungiyar a farkon shekarun 1960. Sai a 1975 Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a kulob ɗin Augusta National na jihar Jojiya, kulob ɗin da har zuwa 1982 ake tilasta wa 'yan gasa amfani da masu ɗaukar jakarsa, waɗanda dukkansu baƙaƙe ne. Bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai a 1990, mata kuwa sai a 2012.

Da wannan tarihi ya kamata a auna The Legend of Bagger Vance na shekarar 2000, wanda Robert Redford ya ba da umarni. An kafa labarin a birnin Savannah na jihar Jojiya a 1931. Rannulph Junuh, farar fata, gwani ne da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karya wa zuciya har ya manta bugunsa. Cikin dare sai wani baƙar fata, Bagger Vance, wanda Will Smith ya fito a matsayinsa, ya ɓullo daga duhu ya zama mai ɗaukar masa jaka da kuma malaminsa, har ya iya karawa da Bobby Jones da Walter Hagen. Littafin Steven Pressfield na 1995 da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa an gina shi ne a kan Bhagavad Gita na Hindu, inda Junuh yake madadin jarumi Arjuna, Bagger kuma madadin abin bautar da yake tuƙa masa karusa yana yi masa nasiha. A can asali, mai tuƙin shi ne babba. Da aka ɗauko wannan siffa aka ajiye ta a kudancin Amurka na 1931, lokacin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da jirgin ƙasa da wurin cin abinci, sai ma'anarta ta juye. Bagger ba shi da gida, ba shi da dangi, ba shi da wata buƙata tasa. Ya fi kowa sanin wasan, amma fim ɗin bai taɓa tambayar me ya hana shi bugawa ba. Da ya gama gyara Junuh sai ya karɓi 'yan kuɗinsa ya bi bakin teku ya ɓace. Darakta Spike Lee ya soki irin wannan tauraro a 2001, wato baƙar fata mai baiwa ta ban mamaki wanda ba shi da aiki sai ceton farar fata, kuma sukar tana kan hanya. Daɗin daɗawa, fim ɗin ya fito ne shekara uku bayan Tiger Woods ya ci gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12 a cikin wannan jiha ta Jojiya.

Ba Bagger kaɗai ba ne. A Happy Gilmore, Chubbs, baƙar fata wanda kada ya cinye wa hannu, shi ya koya wa tauraro wasan, ya kuma mutu kafin a kai ƙarshe. A Tin Cup, mai ɗaukar jakar Roy ɗan asalin Meziko ne, Romeo, shi ne mai hankalin da ba a jin shawararsa. Mata ma kusan haka abin yake. In ban da Pat and Mike na 1952, inda Katharine Hepburn ta fito a matsayin 'yar wasa har ta kara da Babe Didrikson Zaharias ta gaske, mace a waɗannan finafinai takan tsaya ne a bayan igiyar 'yan kallo, ita ce ladar da tauraro yake samu tare da kofi ko a madadinsa.

The Long Game na 2023 ya ɗan sauya wannan tsari. Ya ba da labarin gaske na wasu samari biyar 'yan asalin Meziko a garin Del Rio na Teksas, waɗanda suke ɗaukar jaka a kulob ɗin da ba a yarda su yi wasa a cikinsa ba. Sai suka share wani fili a daji suka haƙa ramukansu, suka koyi wasan da tsofaffin sanduna, har ƙungiyar makarantarsu ta sakandare, San Felipe, ta ci gasar jihar Teksas a 1957. A nan masu ɗaukar jaka su ne taurari, kuma nasarar ta ƙungiya ce. Malaminsu ma, wanda tsohon soja ne kuma shugaban makarantun yankin, kulob ɗin ya ƙi karɓarsa a matsayin mamba, abin da ya nuna cewa ilmi da muƙami ba su isa su shigar da shi ba. Duk da haka, a cikin fim ɗin sai da aka haɗa shi da wani abokinsa farar fata mai koyar da wasa a kulob ɗin, wanda Dennis Quaid ya fito a matsayinsa, kafin samarin su sami damar taka filin da suka yi shekaru suna zagayawa da jakunkunan wasu.